Littafin Arlen

Ƙarfe shida da kwata, kafin ruwan kofi ya tafasa,
sai in ji ƙananan tayoyi suna gurzar tsakuwa:
Arlen Solheim ne, yana janye da tukunyar iskarsa.
Ya raɗa mata suna Bernice.
"Mu biyu ne yau, Marlys," yakan ce,
"amma ita ba ta shan komai."

Shekara ashirin da uku ina sayar da mai da kofi
a wannan mararraba ta Dakota ta Arewa,
inda alkama take kai wa bakin sama
kuma maƙwabcinka sai ka tuƙa mota kafin ka ga hayaƙinsa.
Mutanenmu masu rowar magana ne.
Shi kaɗai aka ba rabon kowa.

Da huda a zuciya aka haife shi, leɓɓa shuɗi-shuɗi.
Likita ya ce wa uwarsa
kada ta wahala sayen takalmin makaranta.
Takalma nawa ya tsinke bayan nan!
Likitan ya riga shi da shekara talatin.
Arlen ya je jana'izar, ya gaisa da kowa,
ya ci abincin makoki faranti biyu.

Yayyensa suka hau tarakta, shi aka ba shi kujera
a bakin ma'aunin rumbun alkama.
Babu motar da ta wuce bai tambayi lafiyar karen gidan ba.
Ya san gwiwar wa ke ciwo, 'yar wa ta tafi birni,
saniyar wa ta haihu cikin ƙanƙara.
In numfashi ya ƙwace masa a tsakiyar labari
sai ya ɗaga yatsa ɗaya, wato ku jira,
mu kuwa mu jira,
har kofi ya huce, har launinsa ya dawo,
ya ɗora daga kalmar da ya tsaya.

Ba zan ɓoye ba, akwai safiyar da na laɓe a kicin
ina goge tukunyar da na riga na goge,
don kaina ya gaji da labarin guguwar da ta ɗauke rufin coci.
Ya sani.
Ya bar kuɗinsa ƙarƙashin kofi, har da ƙari.

Ƙwayoyi goma sha ɗaya a kwalin ƙwai,
yanka huɗu a ƙirji,
tafiyar awa biyu zuwa asibitin Minot.
Wasu kan dawo daga can da takardar magani,
shi yakan dawo da sunayen 'ya'yan nas-nas.
Sau ɗaya tak na ji ya ce ya gaji.
A hankali ya faɗa, yana kallon taga,
sai ga mota ta tsaya, ya gyara hula.

Cikin girbi ya tafi,
lokacin da manomi ba ya tsayawa ko don cin abinci.
Ranar, injuna goma sha tara suka yi shiru a gonaki.

A aljihun rigarsa aka sami ɗan littafi
mai ɗaure da roba, gefensa duk maiƙo:
ranar haihuwar kowa, da lambar waya.
Ashe da shi yake kiranmu duk shekara.

Ran tara ga Maris na buɗe shago ban sa rai ba.
Wayar bango ta yi ƙara.
Vernon Tvedt ne, wanda gaisuwarsa ɗaga haɓa ce.
"Littafin ya ce yau ne," in ji shi.
Sai ya yi shiru.
Ina jin numfashinsa, ina jin karensa yana haushi.
Ban ajiye ba. An koya mini jira.